"Fiba" Ba Cuta Ba Ce, Alama Ce

Daga Wakilinmu na Arewa, Sabon Tasha

Ya ku 'yan'uwana mazauna Ikko da Badun da Binin da Anaca da Fatakwal, da sauran masu neman halaliya a kurmi! Yau a wannan fili ina so mu tattauna a kan wata 'yar kalmar Turanci mai haruffa biyar, wadda ta shiga bakinmu ta miƙe ƙafa, har tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba ta iya ta. Bature yana rubuta ta "fever", mu kuwa muka lanƙwasa ta muka ce fiba. Aron kalma ba laifi ba ne, don kuwa likita da asibiti da mota da tasha duk aro ne, kuma sun zauna da mu lafiya. Abin da ya dame ni shi ne mun ari kalmar amma mun bar ma'anarta a hannun mai ita. A bakinmu fiba ta zama sunan cuta guda, watau maleriya, alhali kuwa a bakin likita ba sunan kowace cuta ba ce. Wannan ɗan bambanci da wani zai ce gardamar 'yan boko ce, ni a ganina ya kai mutane kushewa, kuma ku da kuke zaune inda ba a jin Hausa ku ne kuka fi shiga hatsarinsa.

Asalin kalmar daga Latin ne, tsohon harshen Rumawa, inda suke cewa "febris". Abin da take nufi kawai shi ne zafin jiki ya haura inda ya saba tsayawa. Jikin mai lafiya yana tsayawa wajen digiri 37 a ma'aunin zafi, kuma wani likita Bajamushe mai suna Carl Wunderlich shi ya kafa wannan lamba a littafin da ya fitar a 1868, bayan ya auna ɗimbin majiyyata. In ma'auni ya nuna 38 ko ya wuce, to likita zai rubuta kalmar nan a kati. Iyakarta ke nan. Ba ta faɗi abin da ya kawo zafin ba. Jiki ne da kansa yake hura wutar in ya ji baƙo ya shigo masa, domin ƙwayoyin cuta da yawa ba su jin daɗin zafi. Watau kamar haushin kare ne da tsakar dare. Haushin ya gaya maka akwai wani abu a bakin danga, amma bai gaya maka ko ɓarawo ne, ko kura, ko kuwa ƙaninka ne ya sauka daga motar dare ba. Wanda ya jefi karen ya koma barci bai kori kowa ba. Haka mai haɗiyar Panadol yake yi, zafi ya sauka, ya ce ya warke.

Bature kuma yana liƙa kalmar a bayan wata don ya raɗa wa cuta suna. Ga yalo fiba, ga Lassa fiba, ga taifot fiba, kowace da abin da yake kawo ta, kowace da maganinta ko rashinsa. (Yalo fiba ɗin nan ma, mutanen Ikko sun daɗe da ba masu ba da hannu a titi ita saboda launin rigarsu, har mu ma a Kaduna muka ɗauka.) To in ka yanke kan sunan ka bar wutsiya, ka ce fiba kurum, daidai yake da ka je Agege ka ce kana neman gidan Alhaji.

Amma fa a yi adalci, ba mu muka fara wannan ruɗani ba. Turawan farko da suka zo bakin teku da kogin Kwara su ma haka suke yi, duk abin da ya kwantar da su da zafin jiki sai su kira shi da wannan kalma ɗaya, domin ba su san mai kawo shi ba. Kalmar maleriya kanta daga Italiyanci take, ma'anarta mugunyar iska, don sun zaci tururin fadama ne yake kama mutum. A 1854 wani likita, William Baikie, ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin ruwa yana ba mutanensa kwini kullum, suka dawo ba wanda ya mutu, duk da haka ba a san dalili ba. Sai a 1880 Laveran, likitan sojan Faransa a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar a cikin jini, sa'an nan a 1897 Ronald Ross a Indiya ya gano ta a cikin sauro. Tun daga nan Bature ya raba alama da cuta, ya ci gaba da tafiyarsa. Mu kuwa muka tsinci tsohuwar rigar da ya tuɓe, muna sanye da ita har yau.

A kudu akwai wani ƙarin tarko da ban ji ana maganarsa ba. Bayarabe yana kiran zazzaɓi "iba", kuma da ita yake nufin maleriya in bai ƙara komai ba. Inyamuri ma kalmarsa ke nan, "iba". To ga ɗan'uwanmu mai turin baro a Mile 12, ko mai gadi a Obalende, ko mai tsaron shanu a Lokpanta, ya tsaya gaban mai kemis ya dafa goshi ya ce, "Oga, fiba." Kunnen mai kemis ya ji abin da ya saba ji tun yana goye. Ba zai tambayi kwana nawa ba, ba zai ce buɗe baki in gani ba, ko ya tambaya ma Turancin mai saye ya ƙare. Sai ya miƙo kwalin maganin maleriya, ya ɗora Panadol, in ya ga aljihu da nauyi ya ƙara kafso ja da rawaya. An yi ciniki cikin minti biyu, kowa ya rabu da ɗan'uwansa yana ganin an fahimci juna.

Abin takaicin shi ne harshen da muka baro a gida ba matalauci ba ne a wannan fanni. Ku tuna yadda iyayenmu mata suke bayanin ciwo. Za ta ce maka masassara ce mai zuwa da la'asar, ta sa shi rawar ɗari har haƙora na haɗuwa, can cikin dare ya jiƙe da gumi, gari ya waye kamar ba shi ba. Ko ta ce wannan ba ya sauka, kullum ƙaruwa yake yi, ga kasala, ga murɗar ciki, bakinsa ya yi ɗaci. Ko ta ce kansa ne yake sarawa, wuya ya sandare, ba ya son haske. Muna da zazzaɓi, muna da masassara, muna da jante. Muna da jiri da hajijiya da tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi da shaƙewar murya. Tsohuwar ba ta san sunan ƙwayar cuta ko ɗaya ba, amma abin da ta faɗa ɗin nan shi ne ainihin abin da likita yake nema, domin da irin wannan bayani yake raba maleriya da taifot da sanƙarau tun kafin a ɗibi jini.

Nan Sabon Tasha, inda motocin Kachia da Zonkwa da Kwoi da Kafanchan suke lodi, za ka tarar da Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi da Fulani da Hausawa, kowa da harshen gidansu, amma in an shiga ɗakin likita Hausa ce take haɗa su. Nas ɗin da ta yi karatu a kwalejin koyon aikin jinya ta Kafanchan tana jin duk kalmomin da na lissafa, tana ma iya ja maka kunne da su. Wannan ni'ima ce da ba a gane ta sai an ƙetare Kwara. Duk da haka, ko a nan ɗin, tsaya a layin karɓar kati ka saurara. Me ke damunka? Fiba. Yaron fa? Fiba ce. Mun ɗauka faɗin kalmar Turanci wayewa ce, muka tattara bayanin da zai cika shafi muka cusa shi cikin gaɓa biyu. In a gida inda ake jin mu haka muke yi, ina ga Idi-Araba?

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce Malam, ai sau da yawa maleriyar ce. Haka ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya duka, kuma kudancin Kaduna da ruwansa da ciyawarsa ba baƙon sauro ba ne. Mai kemis da ya ce maleriya ce da damina zai yi daidai sau da dama. Amma wanda ya faɗa cikin sauran fa? Shi ba a ba shi rabin rai ba. Saboda haka ne tun 2010 hukumar nan ta ce kada a ƙara ba da maganin maleriya sai an gwada jini, in dai akwai halin gwaji. Gwajin kuwa ba wani abin tsoro ba ne, ɗigon jini ne daga ɗan yatsa a kan 'yar roba, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako, kuma yawanci kuɗinsa bai kai na maganin da za ka sha a banza ba. Mu tuna kuma yadda muka yi da kulorakwin. An sha shi kamar gyaɗa, a kan dalili da babu dalili, ƙwayar cutar ta daina jin sa, har a 2005 gwamnati ta sauke shi ta koma ga haɗin magungunan da ake bayarwa yanzu. In muka lalata wannan ma, ba a ajiye mana wani a lungu ba.

Bari in kawo ku gida. A watan Yuli na 2023 Gwamnatin Jihar Kaduna ta tabbatar da ɓullar mashaƙo a Kafanchan, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, bayan an yi ta rasa yara a Takau da cikin gari. Cutar ta riga ta yi kaka-gida a Kano tun ƙarshen 2022, an kuma gan ta a Ikko. To ku dubi yadda mashaƙo yake farawa. Ɗan zafin jiki ne, sau da yawa ma ba mai tsanani ba, sai ciwon maƙogwaro, yaro ya ƙi abinci, murya ta shaƙe. Bayan kwana biyu ko uku sai wata fata-fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a can cikin maƙoshi, wuya ya kumbura, numfashi ya soma gagara. Ƙwayar kuma tana zubar da dafi mai taɓa zuciya da jijiyoyi. A cikin duk waɗannan alamu, zafin jikin shi ne ƙarami, shi ne mafi rashin muhimmanci. Amma shi kaɗai ne yake da sunan Turanci a bakin uwa. In ta je kemis ta ce fiba, ta ba da labarin bara ta bar maigida. Maganin maleriya ba ya taɓa mashaƙo ko kaɗan. Abin da yake ceto shi ne allurar kashe dafin da maganin kashe ƙwayar, a asibiti, kuma da wuri, domin dafin da ya riga ya kama zuciya allura ba ta ciro shi. Kwana ukun da aka yi ana jiran kwalin kemis ya yi aiki su ne kwanakin da ake da su. Da uwar ta ce da Hausarta, maƙogwaronsa ne, ba ya iya haɗiya, wuyansa ya kumbura, ko ɗalibar jinya 'yar shekarar farko za ta ce a buɗe bakin yaron. Rigakafinsa kuwa kyauta ne, yana cikin allurar nan mai haɗin biyar da ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14. Ku da kuka bar iyali a gida kuna aiko da kuɗin cefane, in kun buga waya ku tambayi katin allurar yara kamar yadda kuke tambayar buhun masara.

Sai kuma wadda ta fi kusa da ku. Cutar Lassa sunan wani gari ta ci a Jihar Borno. A watan Janairu na 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kwanta a can, aka ɗauko ta zuwa Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. Ta ukun, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta tsira, kuma a can ne masana a Jami'ar Yale suka gano sabuwar ƙwayar cuta ce. Shekara ta zagayo, a 1970, cutar ta sake tashi a Jos ta kashe likitar da ta yi ta fama da ita, Dakta Jeanette Troup. Jos kuwa da Kafanchan maƙwabta ne, reshen dogo ne ya haɗa su. Yau jihohin da cutar ta fi yi wa ɓarna sun haɗa da Ondo da Edo, inda dubban mutanenmu suke ci-rani, ga kuma Bauchi da Taraba. Wani ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da ita, yana barin ta cikin fitsari da kashinsa a kan hatsi da garin da aka shanya, kuma ta fi tashi da rani. Tana iya kwanciya a jiki har kwana 21 kafin ta nuna kanta. Farkonta kuwa zafin jiki ne da kasala da ciwon kai, sak maleriya. Wajen mutum huɗu cikin biyar ba ta yi musu tsanani. Na biyar ɗin shi ne za a ga fuska ta kumbura, jini na fita ta hanci ko dasashi, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu rasa ji. Maganin da ake ba su ya fi amfani in an soma shi cikin kwana shida na farko. Yanzu ku lissafa da kanku: kwana uku a kan kwalin maleriya na farko, aka ce bai karɓe shi ba, aka sake wani kwana uku, sa'an nan aka ce ai taifot ne. Ina kwana shida? Ko asibiti ba ta bari ba, don a watan Fabrairu na 2024 ta kashe ma'aikatan lafiya a asibitin soja na 44 a nan Kaduna. Wanda yake Edo ya san da asibitin Irrua, wanda yake Ondo ya san da na Owo, can ne aka ƙware a kanta.

Mazauna Ikko ba sai na tuna muku 2014 ba. Ran 20 ga Yuli Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya da zafin jiki, da farko aka ɗauka maleriya ce. Dakta Ameyo Adadevoh ta ƙi yarda da sunan da aka ba ciwon, ta kuma hana shi fita. Ebola ce. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu, har da ita.

Yanzu bari in taɓo tagwayen nan da ba a raba su, "maleriya da taifot". Duk wanda ya je ƙaramin ɗakin gwaji, a Sabon Tasha ne ko a Sabon Badun, da wuya ya fito ba a rubuta masa su biyun ba, kamar shinkafa da wake. Taifot cuta ce ta gaske, kuma mai kisa. Ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata take shiga, zafinta yana hawa a hankali kwana bayan kwana, in an yi sakaci wajen mako na uku tana iya huda hanji. Amma gwajin da ake yanke mana hukunci da shi, wanda ake kira Widal, wani likitan Faransa ne ya ƙirƙiro shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun faɗan da jiki ya taɓa yi da ita ko da danginta yake gani. Mutumin da ya girma yana shan ruwan rijiya da na rafi, ko lafiyarsa ƙalau, ana iya samun wannan sawu a jininsa, kuma maleriya kanta tana iya sa gwajin ya nuna abin da babu. Gwajin da yake tabbatarwa shi ne a shuka jinin a jira 'yan kwanaki a ga abin da zai tsiro, shi kuwa sai babban asibiti. To sai a ɗora wa mutum kafso na mako biyu da ruwan leda a kan cutar da ba ya da ita, kuɗin da ya tara na wata uku su tafi, abin da yake cin sa kuma yana nan. Ɓarnar ba ta tsaya a aljihunsa ba. A Pakistan, tun 2016, an sami irin taifot da ya daina jin kusan duk magungunan da aka saba ba shi, kuma shan magani barkatai yana cikin abin da yake haifar da irin wannan.

Masu fassara a rediyo su ma ina da 'yar magana da su. Sun kyauta da suka ce zazzaɓin cizon sauro, don sun liƙa wa alama dalilinta. Amma yalo fiba da suke kira shawara fa? Shawara a Hausa ita ma alama ce, watau ido da fitsari su yi rawaya, kuma ciwon hanta yana kawo ta, maleriya mai tsanani tana kawo ta, mai sikila ma yana yin ta. In aka ce a fito rigakafin shawara, sai mai ciwon hanta ya zaci da shi ake, wanda kuma ya sha saiwa idonsa ya washe ya ce shi ya gama da ita. Alhali yalo fiba sauro ne yake kawo ta, ba ta da maganin kashe ta, allura ɗaya kuwa tana tsare mutum iyakar ransa. A ƙarshen 2020 ta kashe mutane a Delta da Inugu ana ta kiran ta baƙuwar cuta kafin gwaji ya faɗi sunanta.

Akwai kuma fibar kunya. Amarya mai ƙaramin ciki fiba take yi. Saurayin da ya ɗebo ciwon sanyi fiba yake yi. Mai tarin da ya ƙi ƙarewa, yana rama yana gumin dare, shi ma fiba, don kada abokan ɗaki su guje shi. A gaban suruki wannan ladabi ne, ban hana ba. A gaban likita kuwa cutar kai ce, musamman mai ciki, domin akwai magungunan da ba a ba ta, kuma ba a gane cikin wata biyu da ido. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, amma sai wanda ya ce tari yake yi ake ba.

Masu kemis ba zan ɗora musu laifin duka ba, don a unguwanni da yawa su ne kaɗai ƙofar da take buɗe da dare, kuma suna ba da bashi. Sai dai lasisinsu na sayar da magani ne, ba na gano cuta ba, kuma mai kirki a cikinsu shi ne wanda zai ce wannan ya fi ƙarfina. Inda nake ganin gyara zai fi sauri shi ne wajen shugabanninmu na zango. Kusan duk garin da kuke akwai Sarkin Hausawa, akwai shugabannin kasuwar shanu da ta gwari, akwai limamai, akwai fastocin majami'un da ake wa'azi da Hausa, akwai ƙungiyoyin 'yan gari kaza da 'yan gari kaza. In ɗan'uwa ya rasu, kafin azahar an haɗa kuɗin mota ko na likkafani, wannan kam ba a fi mu ba. Me zai hana a ware samari biyu ko uku masu jin Turanci da harshen gari, da mace ɗaya saboda mata, a san lambarsu, a riƙa ba su ɗan na mota daga asusu, aikinsu shi ne raka marar lafiya asibiti su yi masa tafinta? Kuɗin da ake kashewa wajen kai gawa ɗaya daga Fatakwal zuwa Zonkwa zai riƙe wannan aiki wata da watanni. Tafintan kuma a gargaɗe shi kada ya taƙaita. In marar lafiya ya yi magana ta minti uku, kada shi ya juya ya ce wa likita fiba.

Kai kuma da ciwon yake jikinka, ko da tafinta ko babu, ka shiga da lissafinka. Yau kwana nawa, da wane lokaci yake zuwa, yana sauka ko ba ya sauka, me ya zo tare da shi. Ka nuna wurin da hannu in kalma ta ƙare. Ka zo da kwalayen duk abin da ka sha, har da jiƙo da saiwa, kada ka ɓoye don tsoron faɗa. In an gwada an ce ba maleriya ba ce, kada ka fita kana cewa likitan bai iya aiki ba ka koma kemis, ai labari ne ya ba ka mai daraja, saura a nemo mai laifin. In kuma ita ce, ka sha maganin kwana ukun cif, in zafi bai sauka ba ka koma inda aka ba ka, ba wani shago ba.

Akwai kuwa inda ba a jiran gari ya waye. Jaririn da bai kai wata uku ba in jikinsa ya yi zafi, yaron da ya soma jijjiga ko ya kasa kama nono, wanda wuyansa ya sandare ko ya kumbura, wanda yake sambatu ko numfashi yake yi masa wuya, wanda jini yake fita masa ta inda bai kamata ba, da mace mai ciki, duk waɗannan asibiti ne kai tsaye, ko da bashi. Sanƙarau da ya ratsa Arewa a 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000, kuma yana iya gama da mutum cikin kwana ɗaya. In kuna zargin Lassa ko mashaƙo a ɗakinku ko a zangonku, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa tana da lambar waya ta kyauta, 6232.

Masu shirin zuwa gida Kirsimeti ko Salla, da direbobin da suke sauke citta a kudu su juyo, ga ƙarin abu ɗaya. In ka sauka a Sabon Tasha ko Kafanchan, bayan mako ɗaya ko biyu jiki ya yi zafi, to kafin nas ta tambaye ka, ka gaya mata garin da ka fito da ranar da ka baro shi. In Owo ne ka ce Owo, in Ekpoma ne ka ce Ekpoma, domin ta san irin jinin da za ta ɗiba, ta kuma sa safar hannu kafin ta taɓa ka.